Jan Famfo da Shuɗin Famfo

Akwai wani manomi da ya shuka wake a gonarsa ta bayan gari, waken da iyalinsa za su ci har wata kakar. Da waken ya fara fure, sai ƙwari suka faɗa masa. A makon nan kuwa manomin ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa, aka ɗora shi, aka kwantar.

A gidansa akwai wani baƙo, masunci ne da ambaliya ta cinye garinsu, manomin ya ba shi masauki. Mutum ne mai ƙarfi, mai biyayya, abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Amma tun da yake bai taɓa noma ba. Ya ce, "Maigida, ka ciyar da ni. Bari in yi maka feshin."

Manomin yana da famfon feshi biyu, kamar kowa a garin. Jan na maganin ciyawa ne kaɗai, domin ragowar maganin ba ta barin cikinsa. Shuɗin na maganin ƙwari ne. Ya sa aka kawo su gabansa, ga maƙwabta sun zo dubiya, ya shiga bayani da jin daɗi, don mutum ne mai son a yabi kayansa.

Ya ce, "Jan nan sabo ne, ƙaƙƙarfa, ba ya yoyo, feshinsa kamar yayyafi. Shuɗin kuwa tsoho ne, igiyarsa ta tsinke na ƙulla, yana ɗiga a baya. Ga maganin ƙwari, ka gauraya da ruwa ka fesa wa waken." Ya juya ga maƙwabta. "Jama'a, na bar wani abu?"

Suka ce, "Ina! Ai ka yi bayani tiryan-tiryan."

Baƙon ya dubi ja, ya dubi shuɗi, ya ce a ransa, mutumin da ya yi mini alheri ba zan yi masa aiki da mai yoyo ba. Ya goya jan famfo, ya bi gonar kunya-kunya, bai tsallake ko tushe ɗaya ba.

Ba a daɗe ba ganyen ya nannaɗe, furen ya zube.

Gida ya rikice. Manomin yana cewa, "Me ban faɗa maka ba?" Baƙon yana hawaye yana cewa, "Maigida, ina na saɓa?" Maƙwabta suka ce ko maganin ne na jabu, ko sammu aka yi, gama su shaida ne bayanin ya cika. Suka maimaita maganar manomin kalma kalma, suka rasa inda kuskuren yake. Can sai matarsa ta ce daga bakin murhu, "Shin a cikinku wa ya gaya masa jan na ciyawa ne?"

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce a hankali, "To ai kowa ya sani."

Ga ma'anar misalin nan. 'Yarmu Keziya ta gaya mini aikinta shi ne duba bayanin kayan aiki da ake rubuta wa na'urori masu basira, waɗanda ake aika su yi aiki da kansu. Ni dai ta yi ta bayani har kaina ya yi zafi, ban gane rabinsa ba. Amma na gane mai rubuta bayanin shi ne manomin, kuma ya ba ni tausayi.

Baƙon shi ne na'urar: ga ƙarfi, ga biyayya, amma ba ta girma a garinku ba. Bayani nagari shi ne wanda ya faɗi aikin da abu yake yi, da lokacin ɗaukarsa, da inda ba a kai shi. Maƙwabtan su ne masu dubawa da suka riga suka sani. Kunnensu yana cike gurbin da baki ya bari. In za ku auna bayani, ku ba wanda bai taɓa gani ba, ku tsaya ku ga wanne zai ɗauka.

Mu ma iyaye haka muke da 'ya'yanmu da sababbin masu bi. Muna yaba musu addu'a da gafara, ba mu nuna musu ranar da ake bukatarsu, sa'an nan mu yi mamaki in sun ɓata.

Ku tuna, manomin bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma a wannan shekarar gidansa bai ci wake ba.