Kurege, Biri da Wuƙa Mai Baki Bakwai

An yi wani Kurege da wani Biri, maƙwabta a bakin wani rafi. Sana'arsu ɗaya, su yanko kaba su tufka igiya. Kurege mai bin diddigi ne, ko gyaɗa zai ci sai ya juya ta sau uku. Shi kuwa Biri, Allah ya zuba masa son a gani. Ko daji za shi sai ya sa takalmi sau-ciki, ya goge shi har yana ɗaukar ido.

Ana nan sai wuƙar Kurege, wadda ta sha washi har ta rame, ta karye a gindin kaba. Ta Biri lafiyarta lau, amma da ya ji maƙwabcinsa zai sayi sabuwa, sai tasa ta tsufa nan take. Ranar kasuwa suka nufi maƙerar Baba Kunkuru, wanda ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙen aljihu, irin waɗanda ake naɗewa ruwansu ya shige cikin ƙota.

Baba Kunkuru yana da wata al'ada. A ƙofar maƙerarsa akwai igiya a rataye. Duk mai sayen wuƙa sai ya mayar da hannu ɗaya baya, ya zaro wuƙar daga aljihu da ɗaya hannun, ya buɗe ta, ya yanke igiyar.

"Baba, wannan wahalar kuma ta mece ce?" in ji Biri.

"Yaro, mai aikin daji kullum hannunsa ɗaya yana riƙe da wani abu," in ji Kunkuru, yana jan magana a hankali. "Ko reshe, ko dami. Ɗayan ne kaɗai nasa."

Kurege ya naɗe hannun riga ya fara gwaji. Ta farko ƙusarta ta yi tauri. Ta biyu ta yi sako-sako, tana rufewa da kanta, saura ƙiris ta datse masa yatsa. Ta uku ta fi ƙarfin aljihunsa. Haka ya yi ta yi har rana ta take tsaka, sannan ya dace da wata 'yar ƙarama mai ƙotar icen marke, ba ado ba kwalliya. Ya tura ta da babban yatsa, ta buɗe ƙas! Ya ja sau ɗaya, igiya ta faɗi.

Biri ya bushe da dariya har yana buga takalmi a ƙasa. "Haba Malam Kurege! Tun safe kake ɓata mana lokaci a kan wannan? Wuƙa ce ko tsinken sakace?"

Maganar ta yi wa Kurege zafi ƙwarai, don kuwa a gaban jama'a aka faɗe ta, har wasu 'yan kasuwa suka taya dariya. Ya sunkuyar da kai, ya jefa wuƙarsa a aljihu.

Shi Biri tun shigowarsa idonsa yana kan wata ƙatuwar wuƙa da ke rataye a bango. Ƙotarta ta tagulla ce, bakinta bakwai, kowanne da ramin da yake shigewa.

"Waccan nake so, Baba."

"Waccan ta kallo ce. Na ƙera ta ne don a san na iya. Amma in ka nace, ga igiya nan, mayar da hannu baya."

"Ni? In tsaya gaban mutane ina wasan yara? Ai ganinta ma ya isa ya tsinka igiya!"

Kunkuru ya dube shi, ya dubi takalminsa, ya miƙa masa wuƙar.

A hanyar gida nauyinta ya riƙa jan wandon Biri ƙasa, yana tafe yana janyo shi sama. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Kowa suka gamu da shi sai ya ce, "Zo ka ga wuƙar maza, sannan Kurege ya nuna maka tsinkensa."

Bayan kwana uku suka fita yankan kaba kusa da gonar wani mutum. A gefen gonar, ƙarƙashin wata bishiyar kanya, sai ga goyon masara guda an ajiye shi a fili, an ma ɓare shi.

Kurege ya tsaya cak. "Maƙwabci, kada ka taɓa. Masara ba ta ɓare kanta. Dubi reshen can yadda aka lanƙwaso shi, tarko ne."

"Tarko? Ai sai ku masu tsinke. Mai baki bakwai a aljihu ba ya tsoron igiya!"

Ya miƙa hannun dama. Fyau! Reshe ya miƙe, igiya ta shaƙe wuyan hannunsa, sai ga Biri yana lilo a sama. Can cikin gona karen mai gona ya fara haushi.

"Kwantar da hankalinka, yanzu za ka ga aiki," in ji Biri.

Da ƙyar ya zaro wuƙar da hagu. Ya tura da yatsa, ko motsi. Ya so ya kama da ƙafa, ga ƙafafu a ɗaure cikin takalmi. Sai ya sa haƙori ya finciko baki ɗaya. Cokali ne.

"Ba shi ba ne!" Ya finciko na biyu. Mashacin taje gashi ne.

Haushin kare ya matso. Kurege yana jin ƙarar karan masara ana ture shi. Duk zafin da yake ji na gorin nan sai ya neme shi ya rasa, tausayi ya maye gurbinsa.

Biri ya finciko na uku, gumi na zuba. Abin da ya fito siriri ne mai tsini. Wallahi tsinken sakace ne! Hannunsa ya yi santsi, wuƙar ta suɓuce ta faɗi tim a ƙasa.

"Wayyo Kurege! Ɗan'uwana! Don Allah!"

Kurege ya riga ya haye kanyar. Ya bi reshen har ƙarshe, reshe na rawa, ya maƙale da hannu ɗaya. Ɗayan ya shiga aljihu. Ƙas! Ya ja sau ɗaya.

Biri ya faɗo kan jela, ya tashi, takalmi ɗaya ya fice, bai ko waiwaye shi ba. Suka ranta a na kare, karen kuwa yana bayansu, ba su tsaya ba sai da suka tsallake rafi.

Da numfashi ya dawo, Kurege ya dubi maƙwabcinsa ya ce, "Ka bar cokalinka a can."

Biri ya harare shi. Sai can ya fashe da dariya, Kurege ma ya taya shi, har suka kwanta a kan yashi.

Kasuwa ta gaba sai ga Biri a ƙofar maƙera, ƙafa ba takalmi, hannun dama a naɗe da tsumma.

"Sannu da aiki, Baba. Wuƙa nake so."

"Wace iri?"

Biri ya sosa ƙeya. "Irin ta Malam Kurege."

"To, mayar da hannu ɗaya baya."

Biri ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa ya ce, "Baba, ai mai gona ya riga ka mayar da shi."

Sai da ya gwada tara kafin ya zaɓa, Kurege na gefe yana miƙo masa igiya.

Darasin wannan labari shi ne, kayan aiki ba don idon mutane ake zaɓensa ba. Ku gwada shi yadda za ku yi aiki da shi a ranar da kuka fi matsuwa, kuma kada ku rena abin da ke aljihun wani don ƙanƙantarsa, wataƙila shi ne zai sauko da ku daga kan reshe.