Ku Ce Ba Na Nan

An yi wani mutum, mai gyaran talabijin, wanda a yanzu haka yake kwance a ɗakinsa ido biyu, ba ya iya ɗaga cokali, ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa. Abin ya same shi ne da rana tsaka, a cikin gidansa, a makon farko na dogon hutun makaranta, yaransa uku suna wasa a baranda. Ya 'yan uwa, ku ji yadda aka yi.

Injiniya ake ce masa a unguwa. Ba mashayi ba ne, bai taɓa cinye kayan kowa ba. Hannunsa na da kyau. Talabijin ɗin da wasu suka ce ta mutu, shi zai buɗe bayanta, ya ɗiga dalma nan da can, sai ta farka. Aibinsa guda ne: bakinsa ya fi hannunsa sauri. Duk wanda ya kawo aiki, amsarsa "gobe".

Hutu kuwa shi ne lokacin kakarsa. Yara na gida, kowane uba so yake akwatin ya yi magana ko kunnensa ya huta. Ana cikin haka surukarsa ta kwanta rashin lafiya, matarsa ta tafi jinya, ta bar masa yaran: babbar da ƙannenta ke kira Yaya, da na tsakiya da aka laƙaba wa Guguwa don ba ya zama wuri ɗaya, sai Auta wanda bai daɗe da shiga makaranta ba.

A makon nan Injiniya ya san abin da uwar gidan ke sha. Shayi ya zube a kan aikin hutun Yaya. Shinkafa ta kama a tukunya. Guguwa ya fasa gilashin taga da ƙwallo, ya rantse iska ce. Takalmin Auta ya ɓata, aka tsince shi a cikin firji. Kafin ya raba faɗan rimot ya koma ɗakin aikinsa da ke bayan gida, wani ya buga ƙofa yana neman talabijin ɗinsa.

Da gaskiya ya faɗa, da ya huta. Me zai hana ya ce, "Ka yi haƙuri, uwar yara ba ta nan, ka ƙara mini mako"? Wa zai ƙi jin wannan? Amma kunya ta hana shi, sai ya tara yaran.

Ya ce, "Daga yau, duk wanda ya zo, ku ce ba na nan."

Auta ya ce, "Baba, ai ga ka nan."

"Kai, ɗan malam, wa ya tambaye ka? Maimaita: Baba ba ya nan."

Ya mai da abin wasa. Yakan fita waje ya buga ƙofa, ya sake murya kamar tsoho, yaran su amsa suna dariya. Wanda ya faɗa ba tare da ƙifta ido ba, shi ke da alewa. Ranar da bakin Auta ya suɓuce ya ce wa wani, "Ya ce a ce ba ya nan," kunnensa ya sha murɗa. Yaya ce ta fi gwaninta, har ƙari take yi daga kanta: ya tafi sayen kayan gyara, ya ce sai yamma. Uban na ji daga ciki yana murmushi yana cewa, "Wannan lauya za ta zama."

A ƙarshen makon aka ɗauke wuta. Ya tayar da ƙaramin janaretansa a tsakar gida kamar kullum, sai ya tuna cewa mai leƙowa ta saman katanga zai ga wayar ta shiga ɗakin aiki, ya gane yana ciki. Sai ya ja injin ya shigar da shi ɗakin, ya rufe taga, ya sa sakata. Ya gargaɗi yaran: ko sama za ta faɗo, kada wanda ya ƙwanƙwasa masa.

Maƙwabciyarsu nas ce. Tana dawowa daga aiki ta ji ƙarar inji a daƙushe, irin ta injin da aka kulle a ɗaki. Ta san abin da hayaƙin janareta ke yi a rufaffen ɗaki, ta sha ganin waɗanda aka kawo asibiti a sume. Ta buga ƙofa da ƙarfi.

"Yaya, ina babanku?"

"Ba ya nan, Anti."

"To injin fa? Ina jin sa a cikin ɗaki."

"Ya bar shi ne saboda firji. Ya kulle ya tafi da makulli."

Nas ta durƙusa ta dubi ƙaramin. "Auta, kai ba ka ƙarya. Baba na ciki?"

Yaron ya taɓa kunnensa. Ya ce, "Baba ba ya nan."

Ta ce su zauna a baranda, kada su matsa kusa da ɗakin, ta wuce gida. Sai da injin ya shanye mansa ya mutu, shiru ya yi yawa, Guguwa ya leƙa ta ramin makulli ya ga ƙafar ubansa a ƙasa, sannan aka ɓalle ƙofa.

Ko ya ji muryar nas? Ko ya ji amsar 'ya'yansa? Allah kaɗai ya sani. Abin da aka gani shi ne, ba a kan kujerar aikinsa aka same shi ba. A bakin ƙofa yake kwance, hannunsa a miƙe wajen sakata.

Ya 'yan uwa, ku dubi ikon Allah. Ya kawo wa bawan nan ceto har ƙofar gida, ya aiko da wadda ta fi kowa a layin sanin abin da za a yi. Ba ɓarawo ne ya mai da ita ba, ba maƙiyi ba. Kalmomin da ya dasa da kansa a bakin yaransa su suka tsaya gadi a ƙofa. Yaran ba su saɓa masa ba, biyayya suka yi.

Mu nawa ne a nan muka taɓa miƙa wa yaro waya muka ce, "Ce ina wanka"? Muna kiranta ƙaramar ƙarya. Yaro bai san ƙarama da babba ba, abin da ka koya masa kawai ya sani, kuma ba zai zaɓi ranar da zai mayar maka ba. 'Ya'ya amana ne, harshensu gona ce, abin da ka shuka shi za ka girba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye harsunanmu a gaban 'ya'yanmu, ya ba bawan nan lafiya.

Likitoci ba su ce zai sake magana ba, ba su kuma ce ba zai yi ba. Masu dubiya suna ta zuwa gidan. Har yau, in an buga ƙofa, Auta ne ke rigan kowa zuwa, ya ce, "Baba ba ya nan." Uwarsa ta yi ta hana shi, bai daina ba.