Kibiyar da Ido-rufe Bai Duba Ba

Akwai wani bakanike da ake wa laƙabi da Ido-rufe, don yakan bugi ƙirji ya ce ko an ɗaure masa ido zai haɗa injin babur. Ya iya aikin, ba ƙarya. Sai dai bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Ran nan surukinsa, wani dattijon tela, ya kawo masa ɗan tsohon babur ɗinsa, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Da shi yake kai wa mutane ɗinki, kuma silindarsa ta yi wuyar samu a kasuwa.

"Baba, zauna a benci ka sha kallo," in ji Ido-rufe. "Fistan da ringi kawai zan canja."

A saman fistan akwai 'yar kibiya, kuma dole ta kalli ɓangaren salansa. In aka juya ta, bakin ringi zai riƙa karo da ramin fitar hayaƙi har ya karye.

Abokan hira sun cika rumfa, gogan naka yana zuba labari hannu na aiki. Sai da ya ɗaure notin ƙarshe gabansa ya faɗi. Shin ya duba kibiyar nan kuwa?

Ya tsaya riƙe da sufana. Kwance kan injin ba zai ci minti biyar ba. Amma a gaban suruki da 'yan kallo, Ido-rufe ya kwance abin da ya ɗaura? Ya haɗiye shakkar, ya buga kik. Injin ya tashi, aka tafa masa.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, ya hango dattijon yana turo babur. Riga ta jiƙe da gumi, ƙullin ɗinkin mutane na ɗaure a baya.

Da Ido-rufe ya buɗe injin, ringi ya karye, ya kakkarce cikin silinda kamar an bi ta da ƙusa. Ga kibiya tana kallon kabureta maimakon salansa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Kada ka damu, ɗana," in ji tsohon yana haki. "Tsufa ne, ni da shi duka."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Ido-rufe ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ba tsufa ba ne. Ni na juya fistan. Zuciyata ta gaya min tun ranar, girman kai ya hana ni kwancewa."

Dattijon ya ce, "Ai na ga lokacin da ka tsaya da sufana a hannu. Na so in ce ka sake dubawa, sai na ji nauyin kunyata ka a gaban mutane."

An nemi silinda har an gaji, ba a samu ba. Yanzu babur ɗin yana jingine a bayan rumfa, tsohon kuma a ƙafa yake kai ɗinki. Kullum ya biyo ta ƙofar garejin sai ya ɗaga wa surukinsa hannu, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Darasi: Kunyar cewa "bari in sake dubawa" ta minti biyar ce, kunyar ƙin dubawa kuwa kullum sai ta biyo ta ƙofarka. In zuciyarka ta yi shakka, kwance ka duba. Ku tura wa duk wani mai sana'ar hannu da kuka sani.