Karatun Tela a Ɗakin Baba

Akwai wani fasto, mutumin kirki, amma ba ya iya sakin aiki. Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke jera bencina, shi ke rubuta lambobin waƙoƙi a allo, don a ganinsa bakwai ɗin kowa a karkace take. Ban ga laifinsa sosai ba, mu ma haka aka rene mu.

Kowace Laraba yakan je ya karanta wa wani tsohon dattijon ikilisiya Maganar Allah, tun da idanun tsohon suka mutu. Da ayyuka suka yi masa yawa, sai da Laraba uku ta wuce bai leƙa ba. Tsohon kuwa yakan yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya zauna a bakin gado yana jiran sallama har rana ta faɗi.

Matar fasto ta ce, "Maigida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tura telan nan na ikilisiyarmu mana. Ya daɗe yana roƙon a ba shi abin yi."

"Tela? Da yatsa fa yake bin layi. Kafin ya kai ƙarshen aya, shayi ya huce."

"To karatun da ba a je an yi ba, da me ake bin sa?"

Ya tura shi, ba da son ransa ba.

Bayan wata guda fasto ya sami sarari, ya tafi karɓar aikinsa. Daga bakin ƙofa ya ji tela yana tuntuɓe da wata kalma, tsohon yana gyara masa da ka, suna dariya.

Ya shiga ya ce, "Baba, a yi haƙuri, na dawo."

"Sannu da zuwa, ɗana. Kai kana karatu kamar mai gudun ruwan sama, har ina jin sa'ad da kake juya hannu ka duba agogo. Wannan kuwa yakan bar mini wurin sa baki. Shekara shida ana yi mini karatu, sai yanzu na ji ina da sauran amfani. Zauna ka saurara."

Fasto ya jawo kujera ya zauna, tela ya mayar da yatsa kan layi.

Darasi: Aikin Allah ba na mutum ɗaya ba ne. Shugaban da ya riƙe kome a hannunsa yakan tauye wanda ke son yin hidima, ya kuma tauye wanda ke jiranta. Ku tura wa shugabanninku wannan labari, cikin ladabi da ƙauna.