Murar da Ba ta Warkewa Sai da Farfesun Rago

Dalilin da ya sa za ku ga ƙato lafiyayye ya shigo gida yana jan hanci, yana cewa a yi masa farfesun rago mai yaji wai mura ta kama shi, ku matso ku ji.

A da can, maza ba sa cin yaji. Citta, kanumfari, masoro da kimba duk na maijego ne, ana dafa mata nama da su don jikinta ya yi ɗumi. Namiji kuwa gishiri kawai ake barbaɗa masa. A ce ya ci abincin jego? Ai sai yara su yi masa waƙa a dandali.

To, akwai wata mata, Gwaggo Tabawa, gwanar girki. Tana da ƙane, Nomau, sai 'yarsa ta haihu, ranar suna dangin miji suka zo tun daga ƙauyensu, da babbansu, Baba Jatau, dattijon da ba ya wasa da girmansa. Aka yanka rago. Tabawa ta ɗora tukunya biyu: ta baƙi da gishiri, ta maijego kuma ta kirɓa mata kayan yaji da albasa, ta bar ta tana dahuwa a hankali har mai ya taso ja wur. Sai ta shiga yi wa maijego wanka.

Nomau ya ga baƙi sun fara hamma. Ya leƙa madafa, ya sunkuci tukunyar da ta fi ƙamshi, ya kai zaure.

Da Tabawa ta fito ta ga tukunyar gishiri aka bari, sai ta gane ta maijego aka kai wa baƙi. Idan surukai suka gane abin da aka ba su, za su ce raini ne, su tashi da fushi, yarinyar kuma ita za ta zauna da gorin. Ta lallaɓa bayan zana ta kasa kunne. Shiru, sai tanɗar baki. Baba Jatau gumi har gemu, hannunsa na cikin akushi.

Can sai wanzamin da ya zo aski ya shinshina, ya ce, "Jama'a, wannan ba ƙamshin yajin jego ba ne kuwa?"

Hannuwa suka tsaya cak. Baba Jatau ya ɗago yana harara.

Tabawa ta yi gyaran murya ta ce, "Sannunku da zuwa, Baba. Ni na haɗa. Tun da ka sauka na ji kamar kana tari, na ce bari in yi maka maganin mura."

Baba Jatau rabonsa da tari tun bara. Ya dubi wanzami, ya dubi tsokar da ke hannunsa tana ɗigar da romo. Sai ya dafe ƙirji ya ce, "Uhum! Uhum! Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Sanyin hanya ne."

Na kusa da shi ya ce, "Ni ma tun jiya maƙogwarona ke ƙaiƙayi."

Wanzami ya ga akushi na shirin ƙarewa, ya saki atishawa, ya ce, "Ashe ni ma na kamu! Ku matsa mini."

Zaure ya kaure da tari, Tabawa na bayan zana ta toshe baki da gyale.

Shi ya sa har yau ake cika wa farfesun rago yaji, kuma in babanku ya fara jan hanci alhali ƙalau yake, kada ku nemo masa magani. Ku ce wa mamanku ta ɗauko turmi.