Tsohuwar Tasha da 'Ya'yan Mai Hoto Uku

Ku ɗan ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Labari na kawo muku, kuma in na gama ba ni zan raba muku gardama ba, don ni ma har yau ban raba wa kaina ba. Duk sanda na tuna shi, sai na je na leƙa ɗakin tsohuwarmu na ga tana ciki hankalina yake kwanciya.

A Funtuwa an yi wani mai ɗaukar hoto, Malam Sha'aibu, wanda ya rasu ya bar 'ya'ya mata uku da shago ɗaya. Babbar ita ce Barira, mai bi mata Ramlatu, autarsu Sakina. Su suka riƙe shagon, sana'ar kuma ta karɓe su, domin suna shiga inda namiji ba ya shiga: ɗakin amarya, ɗakin mai jego, tsakar gidan matan kulle. Barira ce ke shirya mace, ta gyara mata zama, ta yi ta jan ta da hira har kafaɗunta su sauka. Ramlatu ce ke riƙe kyamara. Sakina ce ke gyara hoto a kwamfuta ta wanke shi.

Wata rana aka tsinci wata tsohuwa a tashar mota, zaune a kan dakali, ba kaya ba ɗan rakiya. Gigin tsufa ya kama ta, ba ta san sunanta ba, ba ta san garinsu ba, direbobi kuma kowa ya ce ba shi ya ɗauko ta ba. Aka kai ta gidan mai unguwa, matarsa ta yi mata wanka ta ba ta ɗaki. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu baki. Magana ɗaya gare ta, safe da yamma: "Ku kai ni gida." Kullum ƙara ramewa take, har mai unguwa ya shiga tsoron kada ta mutu a hannunsu, a binne ta ba a san ko wace ce ba, 'ya'yanta suna can wani wuri ba su da labari. Sai ya aika aka kira 'ya'yan Malam Sha'aibu, ya ce su ɗauki hotonta a watsa, ko Allah zai sa wani ya gane ta.

Suka yi mata abin da suke yi wa kowa, da zuciya ɗaya. Barira ta ce ba za a nuna wa duniya uwar wasu cikin tsumma ba, ta sa mata sabon hijabi ya rufe goshi da kumatu. Ramlatu ta rataya labule mai furanni a bayanta, ta haska mata walƙiyar kyamara a ido, tsohuwa ta firgita ta ƙanƙame jiki. Sakina ta zauna ta goge tamojin fuskar, ta haska fatar yadda amare ke so. Hoto ya fito fes, sai ka ce wata hajiya ce ta sauko daga jirgi. Ya zaga wayoyi, mutane suka yi ta rubuta Allah ya bayyana danginta. Damina ta shigo ta fita, ba wanda ya zo.

Ranar da aka nuna wa matar mai unguwa hoton, ta dube shi ta dubi tsohuwar, ta ce, "Wannan kuma uwar wa kuka ɗauko? Ni da nake cuɗa mata baya kullum ban gane ta ba, balle wanda ya rabu da ita tun bara." Kunya ta kama 'yan matan, suka ce za su sake. To amma tsohuwa ta riga ta tsorata. Da ta hango kyamara sai ta kifa fuska a gwiwa, ko motsi ba ta yi.

Nan Barira ta ce a mai da kyamara shago, a bar ta da ita. Ta cire mata hijabin, ta nemo tsohon zanen saƙin da aka tsince ta da shi, ta wanke ta ɗaura mata. Kullum da hantsi sai ta zo ta zauna gefenta a tabarma, ba ta tambayar ta suna, ba ta tambayar ta gari, tsince shinkafarta kawai take tana 'yar waƙa. A wannan zaman ta lura yatsun tsohuwar ba sa hutawa: sai ta zaro zare daga bakin zane, ta murza shi a cinya, ta ja shi sama. Barira ta shiga kasuwa ta samo auduga da mazari da alli, ta dawo ta zauna gabanta ta fara kaɗi da gangan ba daidai ba. Zare ya yi ta tsinkewa, mazari ya yi ta faɗuwa. Tsohuwa ta kalle ta ta wutsiyar ido, ta kau da kai, ta sake kallo. Can ta kasa daurewa.

"Ke ɗiyag ga, wa ya koya maki kaɗi?"

Barira ta ce, "Ba kowa, Inna. Ai kuwa ina ganin na iya."

"Kin iya ɓarna. Wanga zare ko akuya aka ɗaure da shi sai ta yi maki dariya. Kawo nan."

Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ya tsaya cak yana juyi kamar an dasa shi. Matar da ba ta san sunanta ba, ga zare yana fita daga hannunta siriri, ba kauri ba ƙulli. Bayanta ya miƙe, wuyanta ya tashi. Daga ranar, in dai Barira na gabanta tana ɓata auduga, ba ruwanta da wanda ya shigo ko ya fita.

Sai aiki ya koma hannun Ramlatu. Ta yi ta zuwa ba ta ɗauki komai ba, tana rataye da kyamara a wuya har tsohuwa ta daina ganin ta. Haske take kallo. Ta ga a tsakar gida rana tana dallare fuskar, a ɗaki kuma duhu yana haɗiye ta. Sai ta sa aka mai da tabarmar zaure, dab da ƙofa, inda hasken safiya ke shigowa ta gefe guda. Ta jingina farin faranti a ɗaya gefen ya mai da ɗan haske kan kumatun. Ikon Allah, da hasken ya kwanta a fuskar ta gefe, sai ga wasu layuka sun taso daga gefen baki sun nufi kunne, a jere, waɗanda duk zaman nan kowa ya ɗauka tamoji ne. Ramlatu ba ta danna ba. Ta koma bayan Barira ta durƙusa, ta ɗora kyamara a kafaɗar yayarta, ta jira har ƙafafunta suka yi tsami. Barira ta ɗaga wani zare da ta kaɗa, mai kauri kamar igiyar guga, ta ce, "Inna, wannan fa? Ai na kamo ki." Tsohuwa ta ɗago kai ta fashe da dariya, mazari na juyi a hannunta, idonta ya faɗa cikin idon kyamara. Ramlatu ta danna sau ɗaya. Ko numfashi biyu ba a yi ba fuskar ta koma yadda take, kuma ba a sake ganin wannan dariyar a gidan ba.

Hoto ya zo hannun Sakina. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayin gyara, ta zauna a kansa, ba ta taɓa ko ɗigo ba. Fuskoki da yawa sun bi ta gabanta a wannan sana'a, da ta ƙura wa layukan ido sai ta ce wannan ba tamoji ba ne, zanen fuska ne irin na Gobirawa. Ta kuma ce wanda zai san tsohuwa mai kaɗi ba a waya za a same shi ba, a kasuwar ƙauye yake. Ta wanke hoton babba, ta manna shi a katako, ta ce za ta tafi ƙasar Gobir. Aka ce mata hanyar ba lafiya, akwai wuraren da mota ba ta bi sai da rakiya. Ni da 'yata ce, wallahi da na kulle ƙofa na zauna a bakinta. Amma Sakina ta lallashi kawunsu ya raka ta, suka yi ta bin kasuwanni, yau nan gobe can. Ta jingina hoton a rumfar masu auduga, ta tsaya a rana gefensa. Wani mai goro ya ce, "Yarinya, kakarki kika kawo talla?" Ta ce, "Ita ce, Baba, amma ba ta sayarwa ba ce, mai ita nake nema." Guzurinsu ya ƙare, kawu ya ce su juya. Ta roƙe shi kasuwa ɗaya ta ƙarshe.

A wannan kasuwar wani dattijo mai furfura a gemu, Malam Nomau mai albasa, ya zo wucewa da buhu a ka. Ya tsaya. Ya sauke buhun, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa gaban katakon nan a tsakiyar kasuwa, ya ce, "Inna, ina wuni?" Ya daɗe a durƙushe, hawaye na bin gemunsa. Da ya samu bakin magana sai ya gaya wa Sakina sunanta Tumba, mahaifiyarsa ce. Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, cikin gudu aka tura ta wata mota daban. Sun nema har sun gaji, sun yi mata sadaka, sun fitar da rai.

Sakina ta ce, "To Baba, ka tashi mana, tana nan da ranta."

Ya ce, "Bari in ƙara kallo, ɗiyata. Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, in tana dariya na shigo sai ta haɗiye. Na san zanen fuskarta, na san hannunta. Amma idon uwata a kaina tana dariya, yau na fara gani, ga ni da jikoki."

Kun san kunyar ɗan fari a wurin mutanen da, ba wasa ba ce. Suka taho Funtuwa tare, kowa na fargabar ba za ta gane shi ba, tunda ko sunan kanta ba ta riƙe ba. Ya yi sallama a bakin zaure ya durƙusa. Tsohuwar da ke kallon kowa ido cikin ido ba ta san ko waye ba, tana jin muryarsa sai ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta juya wa ƙofa baya. Ta raɗa wa Barira, "Ki ce ma wancan ya tashi, ƙasa da sanyi. A ba shi ruwa." Ba wanda bai yi kuka ba a zauren nan, har mai unguwa. Washegari aka tafi da ita gida.

Ba a daɗe ba matar ɗan Malam Nomau ta haifi 'ya mace. Ya aika aka ɗauko 'ya'yan mai hoto su uku, ya tara dangi, ya ce jaririyar nan sunan wadda ta dawo masa da uwarsa za ta ci, don sunan ya zauna a gidansa har bayan ransa. Wani ya ce a sa mata Tumba a huta. Malam Nomau ya ce an riga an sa wa wata jikar, tun lokacin da aka ɗauka tsohuwar ta rasu.

Matan gidan suka ce Barira za a sa. Ba don ita ba da har yau fuskar na kife a gwiwa, mai kyamara ba ta da abin ɗauka, mai yawo ba ta da abin kaiwa kasuwa. Ita ta zauna da tsohuwa har ta samo mutum a cikin gigin nan.

Samarin gidan suka ce Ramlatu. Dariyar ta zo ta wuce kamar ƙiftawar ido, da ba a kama ta ba shi ke nan. Kuma haskenta ne ya tono zanen da ya nuna hanya, ita ce ta sa ɗa ya ga idon uwarsa.

Dattawa suka ce Sakina. Hoto komai kyansa, in yana rataye a shagon Funtuwa ba zai kai kowa gida ba. Ita ta karanta zanen, ita ta sa ranta a hanya, ita ta ƙi juyawa ranar da aka ce a juya.

Aka tambayi 'yan matan, kowacce ta sunkuyar da kai. Aka tambayi Inna Tumba, ta ce a miƙo mata mazarinta.

Ranar suna ta zo. Maza sun cika ƙofar gida, an raba goro, rago na ɗaure, wanzami ya wasa askarsa. Liman ya karkato kunne wajen Malam Nomau yana jiran suna, suna kuma ɗaya ake raɗawa.

To, ku da kuka ji, in ku ne Malam Nomau, sunan wa za ku raɗa wa liman: Barira, Ramlatu, ko Sakina?