Gurbin Sunan Damodaran

Damodaran mutumin ƙauyenmu ne a ƙasar Kerala, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ne: ya gwammace ya mutu da ya buɗe baki ya ce bai sani ba.

Gidansu ne ke riƙe da waƙoƙi bakwai na bikin girbi, waɗanda ake rerawa a ɗakin bautar ƙauyenmu, kullum ɗaya har kwana bakwai. Mu kuma gidanmu ke da ganga, ni Welu na gaji kiɗan a wurin mahaifina. Waƙoƙin a rubuce suke a kan ganyen giginya, an zana su da tsinken ƙarfe, an huda ganyen an zura igiya. Kowa a nan ya san ganye ba dutse ba ne. Duk shekara sai an kwance shi an shafa masa mai, kuma duk wanda ya gada sai ya kwafe shi a sabon ganye kafin tsufa ya cim masa.

To, rubutun irin na dā ne, Damodaran kuwa bai iya karanta shi ba. Lokacin da mahaifinsu ke koyarwa, shi yana kogi wajen tseren kwale-kwale. Yayarsa Dewaki ce ta zauna ta koya. Da uban ya rasu littafin ya faɗo hannun ɗa namiji, sai ya naɗe shi cikin jan alharini ya kulle a akwati. Waƙa ba ta tsaya ba, domin baffansu Gowindan ya haddace ta tun yana yaro, shi ke rerawa. Amma al'ada ta hana shi koya wa kowa sai da izinin mai riƙe da littafi.

Duk shekara, ranar ibadar da ake jera littattafai gaban fitila a zuba musu furanni, na Damodaran ya fi na kowa ado. Kowa zai buɗe nasa ya karanta, shi sai ya ɗora goshi a kan ƙunshin ya mayar akwati. Wata shekara ina tsaye Dewaki ta tare shi.

"Damu, kwance mana mu shafa mai. Damina biyar ke nan fa."

"Yaya, wannan ba jaridar mai shayi ba ce da kowa zai sa hannu."

Ta rage murya ta ce, "To kawo sabon ganye, ina karantawa kana zanawa. Ba wanda zai ji."

Wannan "ba wanda zai ji" ita ta ƙona shi. Ya ce, "Ji me? Ni za ki koya wa karatun gidanmu? Je ki duba shinkafarki kada ta kama."

Baffa Gowindan ma ya roƙe shi. "Ɗana, haƙora sun zube, numfashi ya ragu. Ka ba ni ko mutum ɗaya in zuba masa."

"Haba Baffa, kai da ka fi mu ƙwari? Bari dai a gama girbi."

Tsoron Damodaran shi ne kada ɗalibin Baffa ya zo masa da tambaya. Ni ma na sa baki, ya ce mini, "Welu, kai dai bugi fatar akuyarka." Na koma wa gangata, ina ji ina gani. Me makaɗi zai yi da akwatin da ba nasa ba? Haka aka gama girbi goma sha tara, kuma duk shekara takaici na cina.

Saura wata ɗaya biki Baffa Gowindan ya rasu. Dattawa suka taru a barandar Damodaran suka ce a fito da littafi. Aka riƙo hannun Dewaki aka kawo ta, domin shekara uku ke nan da idanunta suka tafi.

Alharinin na nan kamar jiya aka saya. Da Damodaran ya ja igiyar, sai ganyen ya zubo masa a cinya kamar dusa, ƙananan ƙwari suna gudu ta ko'ina. Ya dinga tona garin da yatsu har ya zaro ganye ɗaya da ya tsira, na can ƙasa. Ya rarrafa gaban yayarsa.

"Yaya, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Karanta mini."

Ta ce, "Da wane idon, Damu?"

Ta karɓa ta shafa gefensa, ta ji wata ƙuna a kusurwa, ta gane shi. "Wannan ba waƙa ba ce. Sunayen waɗanda suka kwafe littafin ne, mutum goma sha ɗaya, na Baba ne na ƙarshe. Duba ƙasansa, akwai fili?"

"Akwai."

"Kai ya bar wa."

Da bikin ya zo na buga gangata kwana bakwai. Hannuna ya san inda murya ke shigowa, sai in sassauta kamar yadda na saba, in jira. Dewaki takan fara baiti ɗaya ko biyu da ta tuna, ta tsaya, jama'a su sunkuyar da kai. Damodaran na zaune a gurbin mawaƙi da ganyen nan a hannu, bakinsa a rufe. Har yau haka muke yin bikin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gadon kakanni ba ya rayuwa a akwati, sai a bakin mutane da hannunsu. Girmama abu ba shi ne ɓoye shi ba, a koye shi ne a koyar. Wanda ya ji kunyar cewa bai sani ba alhali mai sani na raye, wata rana zai faɗa da kuka lokacin da babu mai amsa masa. Idan akwai tsoho a gidanku da ke riƙe da wani sani, je ka zauna gabansa yau, kada ka jira a gama girbi.